Gurbi na Sha Biyu a Akwatin Papa

Duk wadda ta turo mini saƙo cikin makon nan tana cewa, "Idalia, ki sassauta, Baldemar yaron kirki ne," to ta gyara zama ta karanta wannan har ƙarshe, sannan ta dawo ta maimaita mini. Sau uku ina rubutawa ina gogewa, don abin da ke fitowa daga yatsuna bai dace da idon mutane ba.

Ga waɗanda yau suka fara bi na: sunana Idalia Benavides, shekarata ashirin da bakwai, ina aiki a asibitin dabbobi a garinmu Hebbronville, nan kudancin Texas. Babana, Eusebio, wanda muke kira Papa, ya rasu shekara biyu ke nan. Bai bar gona ba, bai bar shanu ba. Abin da ya bar mini, da sunana a rubuce, akwatin katako ne da ya haɗa da hannunsa, mai gurbi goma sha biyu, an shimfiɗe cikinsa da koren ƙyalle, da ƙananan bindigogi goma sha ɗaya a jere. Kowace da dalilinta. Akwai ta ranar da aka haife ni, akwai ta ranar da ya daina shan giya, akwai wadda ya saya don kawai ya ƙular da surukinsa. Gurbin ƙarshe kuwa ya bar shi babu komai.

"Wannan naki ne, mija," haka yake ce mini, mija kuwa 'yata ke nan da Sifaniyanci. "Ke za ki zaɓa. Kada ki bari wani ƙato ya zaɓa miki."

A cikin sha ɗayan nan, ta gurbin farko ita ce raina. Tsohuwar Colt ce baƙa, wadda Papa ya yi shekara talatin da takwas yana ɗaure da ita a ƙugu, yana yawon gyaran famfunan rijiya a gonakin shanun mutane, saboda macizai da aladun daji. Baƙinta ya koɗe a wurin da kube ke gugarta. Mariƙinta ɓari biyu ne na katako, ɗaya dama ɗaya hagu, sukurori huɗu suka riƙe su. A ɓarin hagu, daidai inda babban yatsansa ke kwanciya, katakon ya lotsa, ya yi duhu, ya yi santsi. Ba wuƙa ce ta yi wannan lotsawar ba, yatsansa ne ya ci wurin a hankali. Duk ranar da kewarsa ta taso mini, sai in buɗe sef ɗin ƙarfen da akwatin ke ciki, in ɗora yatsana a wurin har abin ya lafa. Ba ni da wani abu a duniya da ya rage mai siffar hannun ubana sai wannan ɓarin katakon.

To, wurin aiki suka tura ni kwas na mako shida a San Antonio. Na ce madalla, ga damar da zan cike gurbina. Duk Asabar ina shagunan bindiga, ina ɗagawa ina ajiyewa, har masu shagon suka fara gaishe ni da suna. A ƙarshe na tsaya a kan biyu. Ɗaya libarba ce mai harsashi shida, mai nauyi, irin wadda Papa zai gani ya gyaɗa kai. Ɗayar kuma siririyar fistol ce ta gasa, ta zauna a hannuna kamar an auna ni aka ƙera ta, amma na san da Papa na nan sai ya ce ta yi kama da abin busar da gashi. Na ɗauki hotonsu na tura wa Baldemar, tunda wata takwas ke nan yana nema na, kuma ya iya harbi, ba zan yi masa ƙarya ba.

"Wacce ka gani?"

"Kada ki sayi ko ɗaya tukuna, sarauniya."

"Saboda me?"

"Ke dai ki dawo. Lahadi akwai gashin nama a gidanku."

Ya haɗa da hoton zuciya har uku. Ni kuma sakarya na yi murmushi na kife wayar.

Ranar Lahadi na taso da sassafe, na iso gida wajen ƙarfe ɗaya. Tun daga kwanar layinmu na hango motoci sun cika gefen hanya, hayaƙin gashi ya turnuƙe bayan gida. Ko jakata ban shigar ɗaki ba Tía Herminia, ƙanwar Mama, ta cafke ni a bakin ƙofa, ta sha jan baki, 'yan kunnenta har kafaɗa.

"Da wannan wandon za ki fito gaban mutane? Wuce ki sa shuɗiyar rigar nan mai fure. Na goge miki ita."

"Tía, gashin nama ne fa, ba biki ba."

"Shekara ashirin da bakwai, mija. Yaro yana da shagonsa na abincin dabbobi, ba ya sha, ba ya fashin coci. Me kike jira, mala'ika ya sauko da malafa?"

Mama tana tsaye a kicin tana juya wake, ta ɗaura atamfar girkinta mai aljihu. Na rungume ta, ta ce na rame, amma ba ta kalli idona ba. Na lura, sai na ɗauka gajiya ce.

Na sa rigar, na fito. Maza sun kewaye wuta, kowa ya ɗauro bindigarsa ta ado, wadda ba ta taɓa ganin ƙura ba sai ranar gashi, ana ta leƙen ƙugun juna ana yaba zane. Sai ga Baldemar Saenz, farar riga mai maɓallai masu ƙyalli, takalmin fatar jimina, kan bel ɗinsa ya kai faɗin faranti. Ya buga cokali a jikin kwalba, kowa ya yi tsit. Ya cire malafa, ya durƙusa a kan ciyawa, ya miƙo mini wani akwati mai jan karammiski.

"Idalia, wasu zobe suke kawowa. Ni na san wadda nake nema."

Mata suka saki shewa. Na buɗe.

Fistol ce, an yi mata ruwan azurfa tana ɗaukar ido, an zane jikinta kaf da furanni da ganyaye, ga sunana da nasa an rubuta da ruwan gwal a gefe. Mariƙinta fari fat, yana ƙyalli irin na maɓallan rigarsa. Abin da ya fara zuwa raina shi ne, lallai, ga ƙaton da Papa ya faɗa, ya zaɓa mini. Amma na danne, na ce a raina kyauta ce, kada in kunyata shi a gaban jama'a. Na ɗauke ta, na zare gidan harsashi, na ja na duba ciki kamar yadda aka koya mini tun ina 'yar shekara tara. Ina juya ta idona ya sauka a kan lambar jikinta.

Lambar nan ko daga barci aka tashe ni zan karanto ta.

"Baldemar, ina ka samo wannan?"

Ya washe baki. "Kin gane ta ko? Ta babanki Don Eusebio ce! Dubi yadda ta dawo sabuwa. Da duk ta koɗe, abin tausayi. Yanzu sai ta koma gurbi na sha biyu, ni kuma in kawo tawa a sa a na farko, tarinmu ya cika."

Tarinmu! Jama'a, kun ji fa. Tarinmu.

"Ina katakon?"

"Wane katako?"

"Mariƙin da ke jikinta! Ina yake?"

"Wannan tsohon? Haba sarauniya, ai duk ya lotsa, gefe guda har ya yi baƙi. Wannan na jiki kin san daga ina aka..."

Ban san lokacin da muryata ta tashi ba. "Wa ya aike ka? Na ce wa ya aike ka? Shekara talatin da takwas mutum yana gumi a kan abu, kai ka kai an kankare a mako shida, ka rubuta sunanka a kai! Ka taɓa gyara rijiya? Ka taɓa kwana a daji? Da Papa na da rai, ko kuben bindigar nan ka isa ka taɓa?"

"Idalia!" Tía Herminia ta daka mini tsawa. "Mutane na kallo!"

"Su kalla, Tía, ai don kallo aka tara su!"

Baldemar yana nan a durƙushe, malafa a hannu, fuskarsa ta yi ja. Wani daga bayan wuta ya ce, "Tashi mana, ɗan'uwa, gwiwarka za ta yi tsami," wasu suka ƙunshe dariya. Na rufe akwatin, na shige ɗaki da shi, na murza makulli. Na buɗe sef, na buɗe akwatin Papa. Gurbin farko wayam, sai shatin bindigar a jikin koren ƙyalle. Na zauna a ƙasa da shuɗiyar rigata na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar binne shi, kuma ba kukan baƙin ciki ba ne, na tsabar takaici ne.

Waya ta dinga ƙara.

"Don in faranta miki na yi."

"Kin san wahalar da na sha kuwa?"

"Kin kunyata ni a gaban abokaina, amma na yafe."

Ya yafe! Na rubuta masa abu ɗaya: "Wa ya yi aikin?"

"Wani tsoho ne, Don Casimiro, a Laredo. Ki je ki tambaya, kowa ya san shi ne gwani."

Ƙarfen dai ya tafi, wanda aka kankare ba ya dawowa. Amma katako cire shi ake yi, ba a narkarwa. In dai tsohon bai zuba shi a shara ba, yana nan a wani wuri. Washegari Litinin na kira wurin aiki na ce ba ni da lafiya, kuma ba ƙarya na yi ba. Na kama hanyar Laredo, awa guda ina tuƙi ina tsara zagin da zan yi wa Don Casimiro.

Shagonsa ɗan ƙarami ne, yana warin mai da ƙarfe. Na same shi a sunkuye da tabarau biyu a hanci, tsoho tukuf, hannunsa duk tabo. Na dire akwatin a gabansa na buɗe. Ya kalli bindigar, ya kalle ni, ya ajiye abin sassaƙarsa.

"Ke ce 'yar Eusebio. Goshin nan nasa ne."

"Don Casimiro, kai da ka san shi, ka iya yi masa wannan?"

"Zauna, 'yata."

"Ba zama ya kawo ni ba. Ina katakon mariƙin? In a shara ka zuba, nuna mini sharar, ni zan tona."

Ya cire tabarau ɗaya ya goge. "Shekara hamsin ina wannan aiki, ban taɓa jefar da mariƙin mamaci ba. Sau biyu ina cewa a bar bindigar nan yadda take. Na ce irin wannan ba a taɓa ta, koɗewar ita ce adonta. Aka ce mini iyali sun amince."

"Wane iyali? Baldemar ne iyalin?"

"Yaron? Ai shi furanni kawai ya zaɓa, daga baya ma ya zo. Señora Ofelia ce ta kawo ta, a naɗe cikin tawul. Ta tsaya nan inda kike, ta ce in fara kwance katakon a gabanta. Ina kwancewa ta karɓe, ta sa a jaka. Ko kallon sauran ba ta yi ba."

Ofelia sunan mahaifiyata ne.

Ban tuna ko na yi masa sallama ba. Ina tuƙi ina haɗa abin a kaina. Lambar sef ɗin, Papa ne ya sa ta, ranar haihuwar Mama ce, ni kuma ban taɓa canzawa ba. Ina can ina tunanin yadda Baldemar ya yi ya lallaɓe ta ta buɗe masa, ashe ita ta ɗauka da hannunta ta kai.

Na tarar da ita a kicin tana murza ƙullun tortilla, gurasarmu ta fulawa, rediyo na yi ƙasa-ƙasa. Kwanukan jiya an wanke an kife. Na kashe rediyon.

"Daga Laredo nake."

Hannunta ya tsaya, amma ba ta juyo ba. "Kin ci abinci?"

"Mama, ba ni katakon."

"Wanke hannu ki zauna."

"Ki ba ni katakon Papa! Kin tsaya jiya kina kallo na zazzage wa bawan Allah a gaban gari, ba ki ce uffan ba. Sukurori huɗu ne fa, Mama! Huɗu! In katakon kike so, sai an lalata bindigar gaba ɗaya? Bakinki ciwo yake da ba za ki tambaye ni ba?"

Sai ta juyo. Tunda nake ban taɓa ganin idon Mama haka ba.

"Ban tambaye ki ba? Kwana tara da binne shi, na shigo ɗakinki na ce ki ba ni ita in riƙe. Me kika ce mini?"

Na tuna sarai.

"Kika ce, 'Mama, hannunki da gumi, za ta yi tsatsa.' Kika goge ta da ƙyalle a gabana, kika mayar kika rufe. Ni! Shekara talatin da ɗaya ina wanke wa mutumin nan riga, ina cire masa ƙaya a ƙafa. Ya tashi rubuta wasiyya, sha ɗaya duka naki. Ni ya bar mini me? Kujerar da yake zama da kwalaben magani."

"Ai da sai ki kwance katakon kawai..."

"Ki dawo ki ga babu, ki tayar mini da gida har sai na fito da shi? Na san ki, halinsa ne da ke kaf. Yaron nan ya zo yana neman shawara, wai zai saya miki sabuwa. Na ce masa ga wadda ta fi. Na san in aka sa mata sabon mariƙi, ba mai neman tsohon."

"Kika yi amfani da shi. Kika sa aka kankare bindigar Papa."

"Ƙarfen bai dame ni ba, Idalia. Ƙarfen nan ne yake ɗauke mini shi duk Asabar, ku tafi harbi ku biyu, ku dawo kuna dariyar abin da ban sani ba. Su kankare shi har ya ɓace. Hannunsa nake so."

Ta sa hannu a aljihun atamfarta, ta fito da wani abu a naɗe cikin jan hankicin Papa. Ashe jiya da na rungume ta yana nan a tsakaninmu. Ta warware a kan tebur, cikin garin fulawa. Ga su nan, ɓari biyu. Na dama lafiyayye, ɗan koɗewa kawai. Na hagu kuwa ga lotsawar nan, ta yi duhu, tana kallona.

"Biyu ne," in ji ta. "Ɗauki ɗaya, ki bar mini ɗaya. Ai an ce ke ce mai zaɓe."

Mako shida ina yawon shaguna ina neman abin da zan sa a gurbin nan, ashe zaɓen yana jira na a kan teburin kicin ɗinmu. Na san abin da 'yar kirki za ta yi. Ku ma kun sani, kuma na san shi kuke jira in ce na yi. To ban yi ba.

Na miƙa hannu na kama na hagun. Ita ma hannunta yana kai, ta danne shi da yatsu uku.

"Mija," ta ce, a hankali.

"Kin ce in zaɓa."

"Kin yi shekara biyu da shi. Ni mako shida kawai na samu."

"Kin ce in zaɓa, Mama."

Na ja, ba ta saki ba. Wallahi sai da na ɗaga yatsun mahaifiyata ɗaya bayan ɗaya, masu fulawa, masu kumburin sanyin ƙashi, na zare katakon daga ƙarƙashinsu. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Ta dai dube ni ta ce, "Haka ubanki yake yi. Ya ɗauka, ya kulle."

Na wuce ɗaki, raina na tafasa. Na kwantar da ɓarin katakon a gurbi na sha biyu, ya yi ɗan mitsitsi a ciki, ko rabin wurin bai cika ba. Na rufe akwatin. Sannan na yi abin da ya fi komai muni, kuma da sanina na yi: na goge ranar haihuwarta daga sef ɗin, na sa wata lamba. Sef ɗin yana ƙara in ana canza lamba, ƙara uku masu tsini, kuma kicin ɗinmu bango ɗaya ne da ɗakina.

Yau kwana huɗu. Har yanzu ina cike da haushinta, kada wata ta zo ta ce mini uwa ce. Na sani. Bindigar Papa ta tafi har abada, kuma ita ta kai ta. Baldemar ya turo saƙo ya fi ashirin, na ƙarshen yana cewa ranar Lahadi zai zo da iyayensa a zauna a yi magana, Tía Herminia har ta fara zancen abin da za a dafa. Ban ba shi amsa ba. Shi bai ma san an yi amfani da shi ba, kuma ban san ko ni ce zan faɗa masa ba.

Amma ga abin da ya sa na kasa cin abinci yau. Tun ranar Litinin ban buɗe akwatin ba, ko sau ɗaya. In na kai hannu kan lambar sai in ji yatsunta a ƙarƙashin nawa, sai in fasa.

Da safen nan na fito zan tafi aiki, na bi ta ƙofar kicin. Mama tana zaune ita kaɗai, kofinta ya huce a gabanta, ba ta ji fitowata ba. Ɓarin daman yana hannunta. Ta ɗora babban yatsanta a kan lafiyayyen katakon, daidai wurin da lotsawar take a ɗayan, tana murzawa, tana murzawa.